Hannun Kawu da Sikelin Malama: Wa Ke Ciyar da Ƙwarin Kifi?

Ranar da na fara zargin abinci, tsaye nake a bakin kwamin kifin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wata unguwa ta bayan garin Kano, da hantsi cikin bazara. Ruwan ya yi kauri, kumfa ta taru a kusurwa ta ƙi fashewa, in iska ta kaɗo sai ka ji wani tsami-tsami. Tarwaɗar da ta saba kwanciya a ƙasa da rana, sai ga wasu sun rataye a saman ruwa, kai sama jela ƙasa, gashin baki a miƙe. Jefi-jefi ɗaya ta zabura ta goga gefenta da siminti, farar fatar cikinta ta haska, ta juyo ta sake. Kawu ya sa koma ya ɗebo guda. Fatar da ya kamata ta yi baƙi tana sheƙi ta yi toka-toka, kamar an shafa mata koko.

"Kawu, yaushe suka fara wannan susa?"

"Yau kwana uku. Kuma wallahi ba rowa nake musu ba, ɗan nan. Duk sanda na gifta sai na watsa musu."

Gaskiya ya faɗa. A nan kuma gizo ke saƙar.

Katanga ɗaya ce ta raba shi da wata malama da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ma mai kwami biyu. Rijiyar burtsatse ɗaya ke ba su ruwa, wajen mutum ɗaya suka sari 'ya'yan kifi, buhun abincin ma iri ɗaya suke saye, mai kilo 15. Bambancinsu a hannu yake. Tsarin Kawu shi ne babu tsari: in ya dawo sallar asuba ya watsa, in zai tafi kasuwa ya watsa, in baƙo ya zo ya watsa don baƙon ya ga yadda ruwa ke tafasa da kifi. Hujjarsa ita ce dabba ba ta da baki, wanda ya tsare ta shi ke da alhakin cikinta. Sai ya ɗora da lissafin ɗan kasuwa, wai kifin da ya ci da yawa shi ke kai kilo da wuri, wata 4 ko 5 a kwashe a kai kasuwar Galadima.

Malama kuwa sikeli gare ta da littafi. Duk mako biyu takan sa a ɗebo kifi kamar 20 a auna, ta san nauyin ɗaya, ta ninka da yawansu, ta fitar da kason yini. 'Yan ƙanana takan ba su wajen kashi 5 cikin 100 na nauyin jikinsu, a raba sau 3 ko 4. Da sun tasa sai ta sauko kashi 3, manya kuma kashi 2 ko ƙasa da haka, sau 2 a yini, a sa'o'in da ba ta canzawa ko ana ha-maza-ha-mata. Kawu na kiran wannan kiwon 'yan boko. Ita ba ta tanka masa, sai dai in iska ta kawo mata warin kwaminsa ta ja taga.

Kafin a ba wani gaskiya a cikinsu, akwai wani zato da ya kamata a kawar. Abinci ba ya rikiɗa ya zama ƙwaro. Duk wani cima-zaune da ke manne a fatar kifi shigowa ya yi, ko a jikin 'ya'yan kifin da aka saro, ko a komar da aka ara daga maƙwabci ba a shanya ba, ko cikin ruwan kogi, ko a jikin kifin dawa da ya kutso. Da wuya ka sami kwamin da babu 'yan tsiraru a ciki, kuma kifi mai lafiya yana ɗauke da su yana harkarsa, kamar saniyar da kaska biyu ba ta hana ta kiwo. Saboda haka gardamar Kawu da Malama ba ta wanda ya kawo baƙon ba ce. Ta wanda ya shimfiɗa masa tabarma ce har ya kira danginsa.

Mafi kusanci da kwanon abinci a cikin waɗannan baƙi ita ce wadda masana ke kira tirikodina. Ido ba ya ganinta. In aka kankaro ɗan yauƙin kifi aka ɗora a madubin likita, sai ka ga abu kamar faifai, zagaye da haƙora a jere, yana juyi a kan fata. Abin mamaki, ba naman kifin ne abincinta na asali ba. Ƙwayoyin bakteriya da ɓurɓushin ƙazantar da ke yawo a ruwa take tacewa, kifi mazauni ne kawai ta samu. Amma mazauni da haƙora take riƙe shi, in kuma ta yi yawa sai ta kurje fata da huhu. Haihuwarta rabuwa biyu ce, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kuma ƙarancin abin ci na cikin abubuwan da ke taka mata burki. To ka dubi abin da Kawu ke yi. Ƙwayar abincin da kifi bai ci ba takan jiƙe cikin ɗan lokaci, ta narke, ta nutse, bakteriya su hau ta. Wadda ya ci fiye da ƙima kuma ta fito a kashi ba ta gama narkewa ba, ita ma bakteriya su hau. Duk loma ɗaya da ya ƙara bayan kifi ya ƙoshi, ba tarwaɗa ya ba wa ba, tirikodina ya ba wa. Tokar nan da na gani a fatar kifinsa yauƙi ne da jiki ya yi ta zubowa don ya wanke abin da ke cizonsa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wannan gefe ɗaya ke nan, na ƙara wa ƙwaro ƙarfi. Ɗaya gefen, na rage wa kifi nasa, shi ya fi muni, kuma lissafi ne ke nuna shi. A ce kifi 1,000 ne a kwami mai cin lita 10,000, kowanne giram 200. Nauyinsu duka kilo 200. A awon Malama na kashi 3, abincin yini kilo 6 ne, buhu ya yi kwana biyu da rabi. Abincin tarwaɗa mai yawan furotin ne, kuma kowane kilo ɗaya da aka ci yakan bar wajen giram 30 zuwa 40 na amoniya a ruwa, galibi ta huhun kifin take fita. Ke nan ko a gidan Malama kusan giram 200 ke shiga ruwa kullum, dalilin da ya sa canjin ruwa ba kwalliya ba ne. Wanda ya watsa kilo 9 maimakon 6 ya ƙara rabin wannan a kai, ruwan kuwa bai ƙaru ba. Amoniya tana ƙona jajayen zaren nan da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, waɗanda da su yake shaƙar iska daga ruwa, wato huhunsa. Huhun ya kumbura, ya yi kauri, yauƙi ya cika shi. Kifin da ke cikin wannan hali kullum jikinsa na fitar da sinadarin tashin hankali, shi kuwa wannan sinadari in ya daɗe a jini garkuwar jiki yake kwantarwa. Yauƙin kifi ba santsi ne kawai ba, a cikinsa akwai abubuwan da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ga tarwaɗa ma da ba ta da ɓawo, shi ne rigarta, shi ne katangarta.

A nan ne tarwaɗa ke yaudarar mai ita. Allah ya hore mata wata gaɓa mai kama da reshen bishiya a saman huhunta, wadda ke ba ta damar tasowa ta haɗiyi iskar sarari. Da karfasa ce a ruwan Kawu, da tun dare na biyu ya wayi gari ya ga fararen ciki a sama, ya san akwai magana. Tarwaɗa kuwa sai ta jure, ta ci gaba da ci, mai ita na cewa ai kifin nan ko a taɓo yana rayuwa. Yana rayuwa mana, amma rayuwa daban, lafiya daban. Wannan juriya ce ta sa Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wannan kifi, ita ce kuma ta sa da yawa daga cikinmu ba mu taɓa koyon duba ruwa ba.

Sai baƙuwa ta biyu, wata 'yar tsutsa da ba ta kai milimita ɗaya ba, mai ƙugiyoyi a gindi, ana ce mata girodaktilus. Wannan ba ta ƙwai, haihuwa take yi, kuma 'yar da ta haifa takan fito da cikin tata 'yar a jikinta. Uwa, 'ya da jika a fata ɗaya. Ba ta buƙatar barin kifi don ta yaɗu, daga jiki zuwa jiki take tsallakawa in kifaye sun gogi juna. Tana da 'yan'uwa masu ƙwai da suka fi son huhu, su ne ke sa ka ga kifi ya taru a bakin famfo yana haki. Kifi mai ƙarfi yakan ci galabar wannan tsutsa da kansa, yawanta ya hau na ɗan lokaci sannan ya sauka. A jikin wanda amoniya ta jigata kuwa hawa kawai take yi.

Zuwa nan mai karatu zai ce Kawu ya sha ƙasa. A yi haƙuri, yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Yunwa ma ƙofa ce. Tarwaɗa mai jin yunwa ɗan'uwanta take ci, in bai haɗiyu ba ta cije shi a jela ko a ciki. Tana da ƙaya mai kaifi a fiffiken gaba, in an bar su da yunwa sannan aka zuba abinci a wuri guda, turmutsutsun da za su yi sai ya bar tabo a jikin da yawa. Kowane rauni kuwa wurin sauka ne, farar gansakuka mai kama da auduga ta hau, bakteriya su bi, ƙwarin fata su samu wurin da yauƙi ya ɗaye. Sikelin da ba a sabunta lissafinsa ba rowa ce da takarda. Kifi ƙarami na iya ninka nauyinsa cikin 'yan makonni, in aka ci gaba da ba shi kason da aka auna wata guda da ya wuce, an sa shi azumin da bai yi niyya ba. Na ga masu awo da yawa da suka auna sau ɗaya ranar da aka zuba kifi, suka riƙe gwangwanin nan har ranar kwasa. Kifinsu ba ya warin ruwa, amma duk jela a gutsure.

Sai dai in aka bi diddigi, Kawu ma bai tsira daga yunwar ba. Hannun da ke watsawa ba lissafi shi ke ƙarar da buhu kafin kuɗin wani ya zo. Sai a yi kwana biyu babu komai, ranar ta uku a aika yaro wajen masu fige kaji ya ciko bokiti da hanji a juye ɗanye. Yau biki gobe fari. Ya haɗa illar ƙoshi da illar yunwa a kwami ɗaya, ga maiƙon hanji ya rufe saman ruwa. Wannan ne ya sa nake ganin abin da Malama ta fi shi da shi ba ƙarancin abinci ba ne, daidaito ne. Kifin da ya san lokacinsa cikinsa kan shirya kafin abinci ya iso, yakan taso da kansa ya jira, ya ci cikin natsuwa. Ƙazantar da zai fitar ma a rarrabe take zuwa, ruwa ya iya da ita. Amoniya takan hau ne 'yan sa'o'i bayan cin abinci, don haka kilo 6 a tashi ɗaya tudu guda ne mai tsawo, kilo 6 a kashi 3 kuwa 'yan tuddai ne da kifi ke hayewa ba tare da ya galabaita ba.

Akwai kuma maganar sa'a, wadda duk su biyun ba su ba ta haƙƙinta ba. A tafkin ƙasa, ko kwamin da ruwansa ya yi kore, iskar oksijin ta fi ƙaranci da asuba, domin tsirran ruwa sun kwana suna shaƙa ba sa fitarwa. Narkar da abinci kuwa iska yake ci. Watsawar Kawu ta bayan sallar asuba ta faɗa daidai lokacin da ruwa ya fi talauci. Da azahar a bazara matsalar ta juya: ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, abin da lita ɗaya ke iya ɗauka a digiri 30 wajen miligiram 7 da rabi ne, alhali a digiri 20 ya haura 9, sannan zafi na ƙara wa amoniya dafi. Abin da ya rage shi ne hantsi, bayan rana ta ɗan taɓa ruwa, da kuma yamma zuwa dare. Dare ma shi ne asalin lokacin tarwaɗa, duk masunci ya san haka, da gashin bakinta take lalube ba da ido ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stirling ta ƙasar Sukotlan, aka buga a 1999, ya nuna in an bar wa 'ya'yan tarwaɗa abinci dare da rana, wajen kashi 2 cikin 3 da dare suke ci.

Wasu da suka ji wannan sai suka kafa fitila a kan kwami ta kwana a kunne, wai don kifi ya yi ta ci. Sun ɗauki maganar a baibai. Tarwaɗa ta fi natsuwa a duhu, haske marar yankewa faɗa da cizo yake ƙara mata. Garkuwar fatar kifi ma tana da nata agogon, tana hawa da sauka da dare da rana. A 2021 masu bincike na jami'o'in Bangor da Cardiff a Birtaniya sun gwada haka da wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut. Waɗanda aka hana duhu gaba ɗaya sun kasa kakkaɓe kwarkwatar kifi daga jikinsu kamar waɗanda aka bar wa darensu. Tirawut ba tarwaɗa ba ce, amma darasin bai yi nisa ba. In za ka ciyar da dare, je ka da tocila, ka gama ka kashe.

Wani ƙaramin abu da na koya a gidan Malama: ba ta taɓa canja ruwa bayan an ci abinci. Tarwaɗa in ta ƙoshi aka razana ta, amai take yi. Ka zuƙe ruwa, ka tayar da hankalinsu, ka zuba sabo, sai su mayar maka da abin da suka ci a cikin sabon ruwan. Ita canji take fara yi, ta bari su huce, sannan ta ciyar. Kawu kuwa sai ya watsa, ya ga ruwa ya ɓaci, sannan ya tuna da buɗe bututu.

Da an tsaya a bazara, da Malama ta cinye gasar ba hamayya. Hunturu ne ya nuna sikeli ma yana da makanta. A watan Janairu ta yi tafiya wajen 'yarta da ta haihu, ta bar wa wani yaro kwamin, ta rubuta masa awo da lokaci a jikin bango. Yaron kuwa mai biyayya ne, ƙarfe 7 na safe ya zuba gwangwaninsa cif, ya juya ya tafi makaranta. Abin da bangon bai faɗa masa ba shi ne tarwaɗa ta fi cin abinci a ruwa mai digiri 26 zuwa 30, kuma da safiyar hunturu a Kano ruwan kwami na iya sauka ƙasa da 20. Kifi jininsa bin ruwa yake. In ruwa ya yi sanyi cikinsa ya mutu, garkuwarsa ma ta yi sanyi. Rabin abincin ya riƙa nutsewa ba a taɓa ba. Da ta dawo, ƙananan kifinta sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gishiri.

Ciwon farin ɗigo ke nan, kuma sanyi ne lokacinsa, domin ƙwaron da ke kawo shi ba ya jin daɗin ruwan da ya haura digiri 30. Kowane ɗigo ƙwaro ɗaya ne da ya kutsa ƙarƙashin fata yana ci. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan kwami, ya manne da abin da ya samu, ya lulluɓe kansa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. Su fashe su fito suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. A digiri 25 wannan zagaye ba ya wuce mako guda. Wanda ke cikin fata magani ba ya kai masa, sai masu iyon, shi ya sa ake maimaita magani kwanaki a jere, shi ya sa kuma zuƙe ƙazantar ƙasan kwami rabin magani ne. Dagwalon abincin da yaron ya tara ya zame wa ƙwaron shimfiɗa.

A wannan watan kifin Kawu lafiya lau. Ba don ya fi sani ba, sai don shi a tsaye yake ciyarwa. Ya watsa hannu ɗaya ya ga ba su taso ba, ya ce yau sanyi ya kama su, ya ɗaure bakin buhu ya koma gindin wuta. Abin da Kawu ke da shi wanda bangon Malama ba shi da shi, ido ne. Ranar ya yi ta leƙen katanga yana murmushi, bai dai ce komai ba, don ya san bazara na tafe.

Akwai kuma baƙin da ba ruwansu da wannan gardama. Kwarkwatar kifi, wadda ido ke gani, faffaɗa ce kamar ƙwayar wake da aka latse, tana da tsinken da take huda fata ta sha. Ita ba ƙazantar ruwa take ci ba, kifin take ci, kuma takan sauka ta jera ƙwanta a jikin dutse ko icce. Masu tafkin ƙasa da ke jan ruwan dam ko kogi, musamman masu karfasa, su suka fi saninta, tare da matsattsaku da wata tsutsa da ke kafa kanta cikin nama ta bar jela waje kamar zare. Ko ka auna abinci da ma'aunin zinariya ba zai hana su shigowa ba. Maganinsu raga ce a bakin bututun shigar ruwa, da busar da tafki a rana tsakanin kwasa da zubi, da dabarar nan ta kafa katakai a ruwa, kwarkwata ta yi ƙwai a kai, duk mako a zare a shanya. Inda abinci ya shiga maganarsu wuri ɗaya ne, wato mai sayo ƙananan kifin dam ya juye wa tarwaɗarsa ɗanye don ya rage kuɗin buhu. Wannan da hannunsa ya ɗauko ƙwaro ya kai gida. In dole ne, a dafa.

Mu koma bakin kwamin Kawu a waccan bazarar. Kafin in iso ya riga ya farfasa kafso ya zuba, ya matse shuwaka ya ƙara, kuma bai fasa watsa abinci ba, wai marar lafiya sai da ci. Kafso bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa tirikodina ko tsutsa mai ƙugiya, kuɗi ne kawai ya narke a ruwa. Muka kai kifi biyu da rai asibitin dabbobi, aka kankari yauƙi aka duba. Likitan ya matsa ya ce in leƙa. Fayafayan nan na ta juyi, sun cika gilashin. Abu na farko da ya ce a yi bai ci ko kwabo ba, a ɗaure bakin buhu kwana 2. Babbar tarwaɗa ba abin da azumin kwana 2 zai yi mata, 'yan jarirai ne ba a yi wa haka. Sai a zuƙe ƙasan kwami, a canja ruwa, a narka gishiri kilo 3 a kowace lita 1,000. Ya ja mana kunne kan magunguna masu ƙarfi irin su fomalin, wanda ke cinye iskar ruwa, da famanganet mai rina ruwa shunayya, wanda ƙazanta ke shanye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwaro. Ka ga ko maganin ma ba ya aiki a ruwan mai watsi. Irin wannan ilmi ba ɓoyayye ba ne, shi ake koyarwa a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, da kwalejojin kifi na New Bussa da Baga. Isowarsa bakin kwami ne ke da wuya.

Azumin nan ya fi komai yi wa Kawu ciwo. Kifi na ganin inuwarsa su taso, shi kuma ya kau da kai.

"Ɗan nan, alhakinsu fa a wuyana yake."

"Allah ya ja kwana, Kawu, alhakin ne ya sa aka ce a bari."

Susa ta ragu a kwana na huɗu. Ya yi asarar wasu, mafi yawa sun tashi.

In aka ce in zaɓa, sikelin Malama zan ɗauka, ba tare da na yi dogon tunani ba. Kuskuren mai awo na lokaci ne, wata biyu na sanyi ko mako biyun da ya manta bai sake aunawa ba, kuma gyaransa a fili yake. Kuskuren mai watsi kuwa na kullum ne, yana taruwa a ƙasan ruwa inda ba ya gani, tarwaɗa na rufa masa asiri har ranar da abin ya fi ƙarfinta. Ga shi abinci ne ke cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon, ke nan mai watsi sau biyu yake biya, ya sayi buhu ya ciyar da ƙwaro, ya sayi magani ya kashe shi. Amma ba zan ɗauki sikelin ba sai da idon Kawu. Awon da aka fitar iyaka ce da ba a hayewa, ba umarni ba ne cewa sai an zuba duka. Lokacin ciyarwa kuma shi ne kaɗai lokacin da kifi ke kawo kansa gabanka, a nan za ka ga wanda ya ware, da wanda ke susa, da ranar da suka taso a kasalance, kuma raguwar ci ita ce alamar da ke riga toka da farin ɗigo bayyana.

Kai mai kwami, gobe da hantsi in ka auno abincin, kada ka juye shi ka juya baya. Watsa kaɗan-kaɗan, a faɗin ruwa ba a kusurwa ɗaya ba, ka tsaya minti 15. Da ka ga sun fara sanyi ka dakata, ko da saura a kwano. Abin da ya rage yana yawo a sama ka sa koma ka kwashe, ka rage daidai shi daga na yamma.